Mijin Naja'atu a Gasar Robobi

Wani ne a unguwar Bani Malik, mutumin Najeriya, aikin kwantiragi ya kawo shi Jidda. A ofis ba shi da abin kushewa. Amma in ya kama sitiyari, duk wanda ke cikin motar sai ya tuna da Mahaliccinsa.

Matarsa Naja'atu 'yar Hausawan Sudan ce, haifaffiyar unguwar Ammariyya a nan Jidda. Tun da mata suka fara tuƙi a Saudiyya ta koya, hannunta ya faɗa. Motarsu ɗaya. Ran da ya goga ta a bangon gida, ya ce bangon ne ba a gina shi daidai ba. Ran da ya ja baya ya ture tankin shara, ya ce jiya ba a nan yake ba. Daga nan Naja'atu ta karɓe makulli ta jefa a jaka. Kullum ita ke kai shi aiki, yana gefe rungume da kwanon abincinsa. Mai kantin ƙasan benensu, in ya gan shi tsaye a bakin ƙofa, sai ya tambaye shi ko direba ce ta makara.

Abin ya ishe shi, ya kai kuka wurin ƙanin matar, Nuraddeen. Nuraddeen ya ce akwai magani. Duk Asabar da safe sukan haɗu a wani makeken filin ajiye motoci a unguwar Abhur. Ana jera robobin nan masu tsini da ake sa wa a titi in ana aiki, a yi hanya da su mai lanƙwasa. Kowa ya shiga da motarsa ta gida, shi kaɗai, ya bi ta tsakaninsu ana duba masa agogo. Ba mota a gabanka, ba mota a bayanka, ba abin da za ka buge sai roba. Naja'atu ta ce ta yarda. In mai koyarwar ya shaida hannunsa ya gyaru, makulli nasa ne.

Ranar Asabar mutumin ya sha ado, safar hannu sabuwa, takalmi sabo, baƙin gilashi. Naja'atu ta tuƙa shi har filin.

Mai koyarwar, Kaftin Idris, dattijo ne mai haƙuri, shi ma Bahaushen Sudan. Ya tara sababbin shiga ya ce kafin a taɓa mota, kowa zai fara zagaye hanyar da ƙafa. Bai rufe baki ba mutumin ya tattare wando ya sheƙa. Ya wuce kowa, ya isa ƙarshe yana haki, ya tambayi mai agogo nawa ya yi. Aka ce masa ai zagayen na haddace kwanoni ne, ba a fara gasa ba tukuna. Ya ce shi bai ga wata kwana ba, gudu yake yi.

Aka ba shi hular kwano, ya shiga mota. Mai tuta ya ɗaga tuta. Ya gyara madubi. Ya karanta addu'ar tafiya tun daga farko har ƙarshe. Sannan ya kunna sigina, ya duba baya, ya fita a hankali.

Duk robar da zai kewaye sai ya ba ta sigina. Da ya zo kwana mai tsanani ya tsaya cak, ya dubi dama, ya dubi hagu, ya danna hon. Wani mai tsaron robobi yana tsaye can gefe, mijin Naja'atu ya haska masa fitila, ya yi masa alama da hannu ya tsallaka tukuna. Mai agogo ya ajiye agogo ya zuba shayi. Wata kyanwa ta taso daga ƙarƙashin mota, ta wuce shi, ta je ƙarshen layi ta kwanta.

Da ya gama aka rubuta lokacinsa a allo. Ya tsaya ya duba. Lambar kowa 'yar ƙarama, tasa kuwa ta ninka ta kowa har ta kusa fita daga allon. Ya yafito Naja'atu ta zo ta gani da idonta, ranar farko ke nan, ya fi kowa maki. Nuraddeen ya buɗe baki zai yi magana, ta taka masa ƙafa.

Kafin zagaye na biyu Kaftin ya yaba masa da bai taɓa roba ko ɗaya ba, ya ƙara da cewa, "Ka dai riƙe wannan, Malam. Duk robar da ka buge, ana ƙara maka biyu."

Mutumin ya dubi robobin, ya dubi sauran direbobi yadda suke ta wahalar kauce musu. Ya girgiza kai. Ya raɗa wa Nuraddeen cewa mutanen nan arziki yana tsaye a gabansu suna kewaye shi.

Aka ɗaga tuta. Wannan karon ba sigina. Ya bi robobi ɗaya bayan ɗaya kamar mai girbin gero. Ta dama ya kwashe ta, ta hagu ya dawo mata. Ɗaya ta tsira, ya sa ribas ya koma ya take ta. Masu tsaro suka watse. Ya iso ƙarshe motar tana jan wata a ƙarƙashi, ƙiiii. Ya fito ya durƙusa ya leƙa, ya ce wa mai agogo kada a manta da wannan, ita ma a lissafa.

Kaftin Idris ya cire hula ya nemi wuri ya zauna. Da ya huta, ya kira shi ya yi masa bayani da Hausa, ya maimaita da Larabci, cewa lambar nan lokaci ce, mai ƙarama shi ya ci, biyun da ake ƙarawa kuwa horo ne. Mutumin ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin inda mai kaɗan ya fi mai yawa ba sai a Jidda.

Naja'atu ta miƙo hannu. "Halas, an gama, Maigida. Kawo makulli, rana ta yi."

Nan ya tuna gobe Lahadi, ranar aiki ce a Saudiyya, akwai kwanon abinci a cinya. Ya roƙi a ba shi zagaye ɗaya kawai. Kaftin ya tausaya masa, ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa.

"Ka daina kallon roba. Ka kalli inda kake son zuwa. Mota ido take bi, inda ka kalla nan za ta."

Don a taimaka masa, Naja'atu ta ɗauki lemarta ta je ta tsaya a bayan layin ƙarshe, ta hannun dama, inda zai hango ta. Ta hannun hagu, can nesa da hanya, direbobi ne ke hutawa. A cikinsu akwai wata budurwa, Rim, wadda ranar ta kayar da maza duka. Ta cire hular kwano, tana zaune a kujerar naɗewa kusa da motarta tana shan ruwan sanyi.

Aka ɗaga tuta. Abin mamaki, sai ga mutumin yana tuƙi. Kwanar farko sumul. Ta biyu sumul. Ya ratsa jerin robobi bai taɓa ko ɗaya ba. Kaftin ya miƙe tsaye. Nuraddeen yana ta ihun ƙarfafa shi, yalla, yalla. Saura kwana ɗaya, ya karya dama ya shige layi.

Motar ta yi hagu.

Ta bar robobi, ta bar hanya, ta ratsa fili ɗoɗar kamar an ja ta da igiya, ba ta nufi ko'ina ba sai wurin Rim. Rim ta yi tsalle ta haye kan motarta. Kujera ta shige ƙarƙashi ta lanƙwashe, kular ruwa ta fashe, ƙanƙara ta watsu. Sannan ya tuna da birki.

Ba wanda ya ji ciwo. Kaftin ya ba Rim haƙuri, ya zo ya taka birki ya ji lafiya lau, ya murɗa sitiyari shi ma lafiya lau. Ya koma gefe yana duban sama.

Naja'atu ta tako a hankali tun daga wancan ɓangaren har ta iso. Ta naɗe lema. Ta zura hannu ta taga, ta kashe mota, ta zare makulli.

"Maigida, na ji Kaftin ya ce mota ido take bi. Ni ina can dama. Me ya kawo ta nan?"

Ya cire hular kwano, ya share gumi, ya leƙa kujerar da ke ƙarƙashin taya.

"Ke ai godiya ya kamata ki yi. Da ke nake kallo, da yanzu ke ce a ƙarƙashin motar nan."