Waliyyin da Ya Tashi Ana Tsakiyar Ɗaurin Aure

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar auren Batul, 'yar ƙanina, ba. Ni ne waliyyi, a ƙauyenmu na kusa da Managil.

A lokacin ban daɗe da dawowa daga Khartum ba, inda aka dasa min wata 'yar na'ura a ƙirji, wadda ke fizgar zuciyata in ta rikice. Abokina Hajji Usman ma yana da irinta, shi ya sa ba mu da hira sai ta kwatanta magani. Nasa daga Saudiyya ɗansa ke aikowa, manya-manya a kwali mai ƙyalli. Nawa kuwa ƙananan farare ne, har da wanda ke rage ruwan jiki (wato maganin fitsari, kar mu yi ta kwana-kwana).

Da safen ranar auren Hajji Usman ya same ni zan haɗiyi maganin.

"Ya zol, mutumina, mi kaka wahal da kanka? Bar wanga yau, amshi nau."

Na ƙi. Likita ya gaya min ciwonmu ɗaya amma jikinmu daban, kuma na san yadda numfashina ke sarƙewa in na yi fashi. Na haɗiye abina, na kora da kofi biyu na jabana, gahawarmu, don in ba shi haushi.

An cika rumfa, liman ya juyo yana tambaya ko na bayar, sai magani ya ce ga ni. Na matse, na yi gumi, na kasa. Na miƙe, na tattare jallabiya na nufi bayan gonar dawa.

To, a wurinmu waliyyi ya tashi a wannan gaɓa, ya fasa ke nan. Kawun ango ya biyo ni da gudu, dattawa na bin sa, suna haɗa ni da Allah. A tsugune suka iske ni.

"Na bayar," na ce musu daga cikin dawa. "Ku juya baya."

Har yau ana tsokanata, Hajji Usman ne kan gaba. Su yi ta yi. Na ga 'ya'yan Batul da idona, kuma ban fasa shan maganina ba ko sau ɗaya. Abin da na koya kawai, in za ni ɗaurin aure, bakin rumfa nake zama.