Yadda Za Ka Zama Masanin Ƙwarin Ganye Ko da Ba Ka Iya Bambance Su

Kai da aka ba kujera a ofishin gona, amma har yau duk abin da ke da ƙafa shida sunansa ƙwaro a wajenka, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba mai gano ka kafin amfanin gona ya nuna. An gwada su a kan shugaban sashenmu, wanda tabarau da tumbi kawai suka sa muke ce masa Farfesa, kuma har gobe yana kan kujerarsa.

1. Fara da tsaki

In an kawo maka ƙwaro, kada ka yi saurin dubawa. Jahili ne ke leƙe.

Wata safiya kawun Farfesa, wanda ya riƙe shi tun yana maraya, ya shigo ofis da kwalin ashana biyu. A kowanne akwai ƙwaro da tsutsarsa. Ƙwarin kamar an tsaga kara: rawaya, da baƙin zane a gadon baya.

"Ɗan nan," in ji Kawu, "wannan daga gonar tudu, wannan daga fadama. An ce iri biyu ne, ɗaya dankali yake ci, ɗaya ciyawar ƙaya kawai. Maganin feshin da ya rage mini na gona ɗaya ne. Wacce zan fesa?"

Farfesa ya ja dogon tsaki, ya gyara tabarau. Haka ake so.

2. Yi yaren da ba a ji

Ilimin da aka fahimta ba ya da kwarjini. Farfesa ya nuna kwalin farko ya ambaci wani suna mai gaɓa shida. Kawu ya jinjina kai, ya ce, "Karatu bai faɗi ƙasa banza ba." Mu da muke wajen mun san sunan maganin hawan jinin Farfesa ne.

3. Kori wanda ya sani

Kowane ofis akwai mai wannan cutar ta sani. Tamu ita ce Antin ɗakin gwaji, shekara ashirin tana kallon tsutsa. Ta shigo kawo takarda, ta ɗan leƙa kwalin fadama.

"Yallaɓai, a bar manyan, a duba tsutsar. Mai ɓarnar ja-ja ce, layin ɗigo biyu a gefenta. Ɗayar fara-fara ce, layi ɗaya tak."

Gilashin ƙara girma yana cikin aljihun teburin Farfesa, miƙa hannu kawai zai yi. Amma ga Kawu zaune, mutumin da ya cika unguwa da cewa ɗansa ya san ƙwaro har kakansa. A gabansa ƙaramar ma'aikaciya za ta yi masa darasi?

"Anti, je ki wanke kwalabenki."

4. Zaɓi ɗaya, ka buga teburi

Ko wanne ne, muddin ba wanda ta leƙa ba. Farfesa ya dangwala yatsa a kwalin tudu. "Wannan ne mugun, Kawu. Dubi yadda yake harara." Tsoho ya sa masa albarka har sau uku, ya bar kwalayen a teburin, ya tafi ya juye maganinsa kaf a kan ƙwarin da ke taya shi cire ciyawa.

5. In ta ɓaci, laifin yanayi ne

Bayan mako uku Farfesa ya hango Kawu ta taga, rungume da damin karan dankali tsirara. Ya yi niyyar ɓuya a banɗaki, ya tarar da wani a ciki.

"Kawu, ai sabon iri ne ya ɓullo. Canjin yanayi. Mu kanmu masana abin ya ɗaure mana kai."

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ajiye damin a kan takardun ofis, ya karkaɗe hannu.

"Kunyar dankali arba'in na yi a fadama, ɗan nan, ko ganye ɗaya bai tsira ba. Ta arba'in da ɗaya na zo in gani a fuskarka. Ashe ita ma ƙwaron ya cinye."

6. Kada ka duba daga baya

A nan Farfesa ya saɓa ƙa'ida. Da ofis ya watse, ya kulle ƙofa, ya ciro gilashin, ya buɗe kwalin fadama. Tsutsar ta bushe, amma ɗigon na nan. Layi biyu. Ya cire tabarau ya goge, ya sake ƙirgawa. Biyu dai. Ranar ko abincin rana bai iya ci ba. Ka ga abin da sani ke jawowa.

7. Rubuta rahoto

Shafi tara ya yi a kan "sabon ƙwaro mai yaudarar masana", aka tura shi taro ya yi bayani, aka tafa masa.

Kawu yana zuwa ofis har yanzu, da kwalin ashana a aljihu. Sai dai yana wuce ƙofar Farfesa, kai tsaye ɗakin gwaji. Da an ji sallamarsa, Farfesa sai ya kara waya a kunne ya hau ba da umarni, ko da wayar a kashe take.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da gonar da ta zama fili, ko dangin da suka daina gaishe ka. In wani tsoho ya zo nemanka da dami a hannu, kada ka turo shi wajena. Ni ma Anti nake tambaya.