Tsoho Ya Dakatar Da Zama

"Lafiya lau, Haraboji. Na ce kai fa, ka tashi lafiya?"

"Kifi? Wane irin kifi da safen nan?"

"Shi ke nan, an fara," in ji 'yata.

Mahaifina Gwak Pan-su shekara talatin ya yi yana rubuta bayanan zaman majalisar garinmu Sangju, kuma tun da ya yi ritaya ya mai da teburin cin abincinmu zauren majalisa. Kunne ya yi nauyi, taurin kai kuwa sai abin da ya ƙaru. Da ƙyar 'yata Da-som, mai kiransa Haraboji, wato kaka, ta samo masa layi wurin likita ranar, don a gwada masa na'urar ji, ga shi washegari za ta tafi birnin Busan kama aiki. In ya ƙi bin ta, to an gama, don ni na daɗe da gajiya da lallashi.

"Ɗauko hularka, tsoho, yau za a sa maka kunnen aro," in ji Da-som.

"Ni? Ni da nake jin tafiyar tururuwa a bayan gida? Ke ce dai da murya kamar sauron da ya kwana da yunwa."

"An ce kunne ya girmi kaka. Naka ya girme ka har ya riga ka ritaya."

"Ji mara kunya! Da kunnen nan na rubuta faɗan mutum ashirin suna ihu lokaci guda, uwarki ko majina ba ta iya fyacewa ba."

Ina gefe ina tsinke wake, ban san laifin da na yi ba.

"Ai su suka cinye kunnen," in ji Da-som. "Jiya tukunyar shinkafa ta yi ƙara, ka ɗauki waya kana cewa wa ke magana."

Sai tsohon ya ja cokali ya buga wa tebur sau uku, har miya ta fantsama.

"Hayaniya ta yi yawa a zauren nan. Jonghwe!"

Ya miƙe zai shige ɗaki. Da-som ta dubi agogo.

"To, minti biyar, mu dawo."

"Mu dawo ina? Na rufe zaman yau."

"Jonghwe ka ce. Kai ka koya min tun ina firamare: jonghwe dakatarwa ce, a sha ruwa a dawo. Sanhwe ne tashi, ba a sake zama sai gobe."

"Sanhwe na ce!"

"Ka gani ko? Bakinka ma ba ka jin sa."

Ya juyo kaina a fusace. "Ke, me na ce?"

"Jonghwe, Baba," na faɗa da ƙarfi.

"'Yan adawa sun cika min gida!"

"Zauna, shugaba, akwai sauran tambaya ɗaya," in ji Da-som. "Ran da na kira ka na ce na samu aikin nan, me ka ce min?"

"Me zan ce? Na sa miki albarka."

"Cewa ka yi, to, a sayo kilo biyu."

Ya kau da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Daga gobe waya kaɗai ta rage mana, Haraboji. In na kira ka daga Busan ina kuka, kilo nawa za ka ce a sayo?"

Wannan kam ya ji ta sarai. Duk haushinsa da nake ji ya bi ruwa, tausayinsa ya kama ni. Sai ya yi 'yar dariya, ya zaro busasshiyar kanya irin tamu ta Sangju daga aljihu ya cusa mata a hannu.

"An dawo zama. Amma a rubuta, ba kurumta ce ta kai ni ba. So nake in ji zagin da kike min ƙasa-ƙasa."

"Za ka ji kuwa, har ka roƙi a cire."

"Miƙo hular, 'yar banza. Kuma ki riƙa kira ko ba kuka."