Saƙonnin da ban tura wa Maman Nana ba

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, ranar da inji ya tona mini asiri a gaban mutum bakwai, ina zaune cikin sabuwar shadda ina hura hanci.

Lokacin watana takwas a Yamai, ina aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, a unguwar Koira Kano, matata da 'yarmu Nana suna can Damagaram. An ba ni takardun bayani na wata manhaja mai juya magana zuwa rubutu, aka ce in duba ko bayanin ya isa wakilin AI ya karanta ya yi aiki da ita shi kaɗai, ba mai riƙe masa hannu. (A biro ɗan aike muke ce wa wakilin nan, don aikensa ake yi ya je ya dawo.) Na karanta shafukan farko na ga tsaf suke, sauran kuwa na yi musu duban mai sayen gero daga bakin buhu. Na rubuta a rahotona cewa bayani ya cika, ba abin da ya rage. Har layi na ja a ƙarƙashi.

To, ni mutum ne da bai iya kiran sunan matarsa a gaban jama'a ba. Haka na tashi na ga babana. Ko a waya, "Kuna lafiya? Ya Nana? Akwai abin da ake buƙata?" shi ke nan, sai sallama. Amma kewa ba ruwanta da kunya. Kowace safiya nakan taka gada da ƙafa daga Harobanda zuwa Gaweye kafin in shiga taksi, kuma a tsakiyar gadar nan, inda ƙarar motoci ke rufe murya, sai in ciro waya in yi ta yi wa matata magana ina ɗauka a saƙon murya. Ban taɓa tura ko ɗaya ba. Da suka cika mini waya, na kwashe su na zuba a kwamfutar biro, cikin dosiyen, wato ma'ajiyar da nake ajiye muryoyin gwaji, don a ganina ba mai buɗe shi sai ni. (Wayo ke nan, in ji ni.)

Ranar Talatar, Hajiya shugabar biro, wata mutuniyar Tahoua da ba ta son wasa a aiki, ta tara mu tare da baƙi biyu daga wani gidan rediyo. Na miƙe na yi jawabi, na ce ɗan aike ba zai yi tuntuɓe ba. Muka umarce shi ya rubuta hirar da aka yi da wani ɗan kasuwar albasa. Ashe babu inda takardun suka ce dole a ambaci sunan muryar da ake so, babu kuma inda suka ce in ba a ambata ba manhajar za ta kwashi duk abin da ta tarar a dosiyen. Wannan ramin ne aka ɗauke ni aiki in gano.

Hirar albasa ta fito a babban allo, ina gyaɗa kai kamar ni na ƙera injin. Sai rubutu ya ci gaba.

"Maman Nana, na ci shinkafa da wake a tsaye. Ko gishirin garin nan ba irin naki ba ne."

Na kai hannu in tsayar, na rasa inda ake dannawa.

"Jiya na ga wata mata da shuɗin zane irin naki, na bi ta da kallo har mai babur ya zage ni. Halima, wallahi ina kewarki."

Ga sunan nan ɓaro-ɓaro da manyan baƙaƙe, sunan da ko mahaifiyata ba ta taɓa ji a bakina ba. Ɗaya daga cikin baƙin ya duƙar da kai kafaɗunsa na rawa. Sumana, abokin aikina Bazabarme, ya dafa ni ya ce, "Kala suuru, Malam," wato sai haƙuri. Hajiya ta sauke tabarau ta ce, "Malam, wanga ma cikin hirar albasa shike?"

Da baƙi suka tafi ta kira ni. Na shiga ina jiran takardar sallama. Ta ce, "Ka koma ka karanta takardun ga tun daga farko, ka gyara rahotonka. Kuma baiwar Allah can ita anka yi ma maganag ga, ba mu ba. Mi kaka jira?"

Na gyara rahoton, ya ninka na farko tsawo. Saƙonnin kuwa sai da na yi kwana uku ina jujjuya waya kafin na zaɓi mafi gajarta na tura. Amsarta ta zo da rana tsaka, na fita bayan biro na saurara. Ta ce, "Wata takwas ina jin ya Nana, ya Nana. Ai ni ma ina gidan, Baban Nana."

Na tsaya a rana na saurari saƙon sau huɗu, ga shi ba hutun zuwa gida sai Babbar Sallah. Tun ranar na koyi karanta takarda har shafinta na ƙarshe. Na kuma koyi cewa maganar da ka ji kunyar faɗa wa mai ita, wata rana baƙi ne za su riga ta ji.