Gidan Zanzaro a Moton Babanmu

Ko na so mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanwata, mutanen Urafane ba za su bar ni ba.

Ni makaniken jirgin sama ne. Bayan korona, aikinmu ya koma tada jiragen fasinja da suka daɗe a ajiye. Jirgin da ya kwanta ba a tada shi da gaggawa. Sai an duba tayoyi, an sake mai, an leƙa kowane rami, don zanzaro kan gina gidan laka cikin bututun auna gudu, ya ruɗe matuƙi a sama. Wannan bayani na yi ta zubawa a fada, majalisar samari, da safiyar bikin, ana shan shayi (ba wanda ya tambaye ni, ni dai bakina ne ya ƙi rufuwa).

Da hantsi aka ce a ɗauko Baba Illo daga ƙauyensu. Wan mahaifinmu ne, shi ne waliyyi, in ba shi ba aure. Na ce ni zan je. Na jawo moton marigayi babanmu, wato babur ɗinsa, daga zaure, na zuba isansi, wato fetur, na yi ta bugawa har ya tashi. Yana tari, na yi kunnen uwar shegu.

A hanyar dawowa, tsakiyar gonakin hatsi, ya mutu murus. Azahar ta matso, liman da dangin ango suna jira. Na duƙa ina gumi cikin sabuwar shadda, na leƙa bututun hayaƙi. Laka ce cunkus. Gidan zanzaro!

A kan amalanken shanu muka shigo gari, ni da waliyyi da moto, 'yan fada suna tsaye suna kallo. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Amma ba dariyarsu ta fi ci mani rai ba. A kan amalanken Baba Illo ya ce, a hankali, "Ɗana, tun rasuwar babanku ba wanda ya taɓa moton nan. Ni ma da ka zo, 'hau mu tafi' kawai ka ce mani."

An ɗaura aure bayan La'asar. Washegari na koma ƙauyen a ƙasa, na zauna na gaishe shi yadda ya kamata. Jirgin mutane nakan ba shi makonni ina lallaɓawa, na gida kuwa na zaci yadda na bar su haka zan iske su.