Takalmin da Na Tarar a Kife

Ba zan taɓa mantawa da ranar da 'yar cikina ta kama ni dumu-dumu a gaban 'yan ajinsu ba, har aka dangwala yatsuna goma a tawada kamar wata gawurtacciyar ɓarauniya. Kuma duk a kan takalmi ƙafa ɗaya.

Bari in fara gaya muku halina, don kada ku ce iska ce ta buge ni. Ni mace ce mai fargaba. In na kulle ƙofar gidanmu na bene a unguwar Parkchester, nan Amurka, sai na sauka har ƙasa sannan zuciyata ta ce ban kulle ba, in sake hawowa in murɗa. Shekara da shekaru ina garin nan ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ban taɓa tsallaka titi ba sai hoton ɗan farin mutumin nan ya fito a fitilar ba da hannu, ko da kuwa babu ko keke a hanya. Karatuna firamare ne a Katsina. Turanci ina ji sarai, wajen mayarwa ne harshe ke nauyi. Sannan akwai maganar takalmi. Tun ina yarinya kakata ta dasa min cewa ba a barin takalmi a kife, wai tafinsa yana kallon sama, rashin ladabi ne. Na tambayi limamin masallacinmu, ya ce camfi ne, ba shi da asali. Na yarda da Malam ɗari bisa ɗari (hannuna ne dai bai yarda ba). Ranar Juma'a ni ce ta ƙarshen shiga sahu, ina bakin ƙofa ina birkice takalman bayin Allah.

'Yata ta fari, Ummi (sunan surukata gare ta, shi ya sa ba na faɗa), ta shiga kwaleji ta shekara biyu tana karanta ilimin laifuffuka da shari'a. Da farko hankalina bai kwanta ba. Maƙwabciyata Hajiya Mariyama, mutumiyar Kumasi, har cewa ta yi, "Maman Ummi, yaran mutane na karatun nas, taki na karatun ɓarayi?" Gidanmu kuwa ya koma caji ofis. In an shanye fura a firij Ummi ba ta tambaya, kofi take ɗagawa ta kalli haske ta ce, "Baba ne." Kullum kuma wa'azinta ɗaya: wurin da aka yi laifi ba a taɓa komai, ko tsinke. Na ji wannan magana har na haddace. Ku ma ku riƙe ta.

A ƙarshen shekararta ta biyu aka sa musu wata jarrabawa wadda ba ta takarda ba. Malamarsu za ta shirya ɗaki kamar an yi kisa a ciki, su shiga rukuni-rukuni su gano yadda abin ya faru. In Ummi ta faɗi wannan, sai ta maimaita zango guda, gurbin da babbar jami'a ta ba ta don ƙarasa digiri kuma ya tafi. Duk wannan bayani ta yi min shi ina tuƙa tuwo, abin da ya zauna a kaina kawai shi ne "jarrabawa" da "in na faɗi".

Ranar da safe ta fita a gurguje. Ina share falo sai ga abin shaƙarta na asma a kan tebur. Nan take na hango ta a ƙasa, numfashi ya sarƙe, Turawa sun zagaye ta. Na kira wayarta, a kashe. Na zari mayafi, na ƙunsa ƙosai a leda (tunda dai zuwa zan yi, kuma ba ta karya ba), na hau jirgin ƙasa mai lamba shida ina ta salati.

A ƙofar makarantar mai gadi ya tambaye ni sunan ɗalibar. Na nuna masa rubutun da ke jikin maganin, ina cewa, "Asma, asma." Sai ya duba kwamfuta, ya liƙa min takardar baƙi a ƙirji, ya faɗa min lambar ɗaki a hawa na uku. Ban hau lifta ba, don ban san halinta ba. Na bi matakala, na ɓullo ta ƙofar baya ta ajin. Daga baya na ji wai akwai ƙatuwar sanarwar hana shiga a ƙofar gaba. Ni dai tawa ƙofar ba ta ce komai ba, a buɗe ma na same ta.

Na yi sallama, shiru. Na leƙa, sai na ga ikon Allah. An ture kujerun ɗalibai jikin bango, tsakiyar ɗakin kuma kaca-kaca: kujera a kwance, kofi a ƙasa, burodi a yashe kusa da faranti. Na ce a raina, "Oh, 'ya'yan Amurka! A nan 'yata ke karatu?" Na yi niyyar in tsaya daga bakin ƙofa in jira, wallahi na yi niyya. Sai idona ya faɗa kan takalmi. Na mata, mai tsini, a kife, tafinsa na kallon sama ƙiri-ƙiri.

Na kau da kai. Na kalli silin. Na kalli agogon bango. Takalmin nan kamar yana kiran sunana. Na ce to, shi kaɗai. Na shiga na birkice shi. Ina ɗagowa ga burodi a gabana, abinci a ƙasa, wa zai tsallake? Na ɗauke na hure na ɗora a faranti. Farantin kuma ai ba a ƙasa yake zama ba, na kai tebur. Kofin ma na ɗauka, na ga jan-baki ya ɓata bakinsa, na zaro tishu na goge tas. Na tayar da kujera na zauna a kai, na ɗora jaka a cinya, ina jin daɗin raina kamar wadda ta yi sadaka.

Daga zaunen ne na hango ƙafafu biyu a bayan teburin malami.

Saura ƙiris in kurma ihu. Na lallaɓa na leƙa. Ashe mutum-mutumi ne, irin wanda ake sa wa kaya a shagunan tufafi, an sa masa gashin doki da siket, an shafa jan fenti a goshi. Na ce alhamdulillahi. Ban rufe baki ba sai muryar Ummi ta faɗo min a ka, tiryan-tiryan: wurin da aka yi laifi ba a taɓa komai, ko tsinke.

Jama'a, wannan ɗakin shi ne takardar jarrabawar, ni kuma na goge ta da tishu.

Na ce to, mai ɓatawa shi ke gyarawa, bari in mayar da komai yadda na same shi. Na kwantar da kujera (ta dama take kallo ko hagu? na juya ta, na sake juyawa). Na mirgina kofi ƙasa. Jan-bakin da na goge kuwa sai dai haƙuri. Na sauke faranti. Na ɗauki burodi zan ajiye a ƙasa, hannuna ya ƙi, sai na shimfiɗa masa tishu tukuna. Zan wuce ta wajen gawar roba, na ga siket ɗinta ya tattare har cinya, na ɗan ja shi ƙasa kaɗan, don ko roba ce ai mace ce. Saura takalmi. Na riƙe shi, na yi bismillah, na kai shi ƙasa zan kife, sai na ga fuskar kakata. Na ɗago. Na tuna gurbin jami'ar Ummi, na sake kaiwa. A ƙarshe muka yi sulhu da kakata: na kwantar da shi a gefensa, ba a kife ba, ba a tsaye ba.

Sai ga hayaniya daga ƙofar gaba. Na sulale ta baya na zauna a wani benci a lungu, na ja mayafi na rufe rabin fuska. Ƙofar ban ja ta ta rufu ba, don haka komai a kunnena.

Malamarsu tsohuwar 'yar sanda ce, gajeriya, murya kamar ta kwandastan mota. Tana shiga na ji ta ce kowa ya tsaya inda yake. Ashe ta ɗauki hoton ɗakin bayan ta shirya shi. Ta ce wani ya shigo, kuma ba wanda ya san lambar ɗakin nan sai ɗalibai. Ta ce in ɗayansu ne ya leƙo don ya riga sanin amsa, to satar jarrabawa ce, in kuma ba wanda ya yi magana, duk rukunin sun faɗi. Wani yaro ya ce shi dai da ya iso, Ummi ya tarar ita kaɗai a barandar.

Na ce wa ƙafafuna ku tashi. Suka ce ba da su ba. Gumi ya jiƙa min baya, ƙosai na ta ƙamshi a cinyata kamar yana tona min asiri.

Sai na ji muryar Ummi, a natse, tana neman izini ta duba kafin a yanke hukunci. Na ji ƙarar safar hannu. Na ɗan miƙa wuya ta gilashin ƙofa, na ga 'yata ta tsuguna tana kallon ƙasa, tana magana da Turanci a hankali. Ta ce mai satar amsa kallo yake yi ya fita, ba ya goge kofi. Ta ce wanda ya shigo ba ya iya barin abinci a ƙasa, ga tishu. Ta je bayan tebur ta kalli siket. Sannan ta zo kan takalmi. Ta tsaya. Na ga ta rufe ido, ta ɗaga kai ta shaƙi iska (humrata ce, wadda ita da kanta ta ce in rage shafawa).

Malamar ta ce, "Kin san ko wane ne?"

Ummi ta ce, "Na sani. Kuma bai tafi ba. Mai wannan aikin ba zai iya tafiya gida ba, yana nan kusa yana istigfari."

Ummi ba ta yi min Hausa sai ranta ya ɓaci. Ranar kuwa da Hausa tsantsa ta ɗaga murya: "Mama! Na san kina nan. Shigo."

Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Na shiga da ledar ƙosai a hannu ɗaya, abin shaƙa a ɗaya, takardar baƙi a ƙirji. Na ce, "Gud monin." Na miƙa wa Ummi maganin na ce, "Kin manta." Ta buɗe jakarta ta nuna min wani sabo fil. Ta ce, "Wancan ya ƙare tun jiya, Mama. Shara zan kai shi."

Malamar ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta kalli takalmi, sai na ga kafaɗunta na rawa. Dariya ta yi har da dafa bango. Da ta natsu ta ce wa ɗaliban a duk shekarun aikinta ba ta cika samun wurin laifi da wata inna ko goggo ba ta riga ta gyara ba, don haka jarrabawa na nan daram, sai dai yanzu sun samu ƙarin aiki: su tantance ɓarnar mai kisa da ɓarnar Mama.

Haka aka zaunar da ni a gefe. Aka hana Ummi yi min tambaya tunda 'yata ce, aka mai da ita tafinta. Yara sa'o'in 'ya'yana suka jeru da littattafai. Me kika fara taɓawa? Da wane hannu? Wani dogon saurayi ya riƙe yatsuna masu lalle yana dangwalawa a tawada yana cewa, "Rilas, Mama, rilas," ni kuwa ina tambayar Ummi ko wannan zai shiga kwamfutar gwamnati. Wata yarinya mai tabarau ta ce akwai abin da ba ta gane ba, me ya sa takalmin yake a gefe? Ummi ta juyo ta ce, "Ki faɗa musu da kanki." Na yi bayanin kakata da Turancina na aiki, da hannu da ƙafa. Duk suka rubuta, har da masu gyaɗa kai. Ƙosan ma malamar ta ce a karɓe shi a matsayin hujja, kafin in fita hujja ta ƙare.

Ni da Ummi muka zauna a jirgi, har muka kusa gida. Ina ta satar kallonta. Can sai ta ce, "Siket ɗin ma, Mama?" Ta kifa kai a cinyata tana dariya har da hawaye, mutane na kallonmu.

Ta ci jarrabawar, ta tafi jami'arta. Na ji an ce malamar har yanzu duk shekara sai ta ba sababbin ɗalibai labarin Maman Takalmi, kuma ƙofar baya yanzu da kwaɗo. Hajiya Mariyama kuwa in mun haɗu a matakala sai ta ce, "A'a, mai laifi, an ba da belinki?"

Abin da na koya shi ne, in ka haifi mai bincike, to ka daina aikata laifi a garin da take, don ba yatsunka za ta bi ba, halinka za ta bi. Halin kuwa bai bar ni ba. Sai dai yanzu in na ga takalmi a kife nakan yi hankali: in duba dama, in duba hagu, in leƙa bayan tebur in tabbatar babu gawa, sannan in birkice abina.