Rasuwar Kwalbar da ke Tagar Sunniva

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, Sunniva Eliassen ta hawa na uku ke sanar da mazauna wannan gida rasuwar Kwalba, wadda ta bar duniya ranar Talata a nan garinmu na Tromsø, can ƙarshen arewacin duniya, tana da wata uku a bakin aiki.

Marigayiya ba ta tara abin duniya ba. Zare ɗaya gare ta, da ɗan maganaɗisu a rataye a cikinta, da guntun madubi mai jefa ɗigon haske a bango. Idan rana ta yi aman wutarta, bayan kwana biyu ko uku abin ya iso ya girgiza maganaɗisun duniya, sai ɗigon ya gusa, alamar koren hasken nan da kan yi rawa a samaniyar ƙasashen arewa da dare zai iya fitowa. A ƙarshen karatun jami'a Sunniva ta haɗa ta, kuma ita ce abokiyar zama ta farko da ba ta taɓa tambayarta me ya sa ba ta magana ba. Sautinta ɗaya ne, ɗan "ƙis" idan madubi ya taɓa gilashi.

Ta kasance mai rufin asiri. Kullum da ƙarfe huɗu na yamma, duhun hunturu ya riga ya sauka, ɗigon kan gusa. Sai Sunniva ta sami hujjar ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinta Vegard, abin da ta shekara biyu tana kasawa. Su fita su tsaya cikin ƙanƙara, su nemi koren haske, su ga gajimare kawai.

"Malama mai ilimi, yau ma ranar ta yi fushi?" in ji Vegard, yana ɗaura takalmi.

Tun mako na biyu Sunniva ta lura cewa ƙarfe huɗu ne Vegard ke ajiye motarsa ƙarƙashin tagar, kuma ƙarfen motar ne ke jan maganaɗisun. Marigayiya ta sani. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Ajali ya zo ta hannun kakar Sunniva, Oddny, wadda ta kawo ziyara da bokitin 'ya'yan itacen daji da ta tsinko tun bara, ta dafa da sukari, kwalabe suka ƙare mata.

"Ke, jikata, kwalba mai kyau haka a zaune babu komai ciki? Tarkacen na zubar, na ɗura dahuwata a ciki. Miƙo murfi."

Washegari babbar guguwar rana ta iso da gaske. Kafin ƙarfe biyar sama ta yi kore shar, unguwa duk ta fito. Sunniva ta tsaya a bayan ƙofarta, babu ɗigo, babu hujja. Ta ramin ƙofa ta hango Vegard zaune a matakala, sanye da rigar sanyi da hula, yana duba agogo har kusan rabin awa.

Marigayiya ta bar zare, da madubi da aka tsamo daga shara, da maganaɗisu wanda yanzu ke riƙe da takardar cefane a jikin firij.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da ƙarfe huɗu, a ɗakin girkin Sunniva. Za a shafa abin da ke cikin marigayiya a kan waina mai zafi, da kofi. Kujeru biyu ne kacal, kuma Kaka Oddny ta koma gida.

Mai makoki ba za ta ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. Tata ce ta hagu, kuma tana jin ko da ɗan "ƙis" ne.